Manhaja a Buɗe, Bayani a Kulle

Ƙanena ya taɓa samun aikin kwana goma na tattara bayanan manoma a wajen Gimi da Mayere, cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi. Wata ƙungiya ce ta ɗauke su, aka tara su a ɗakin taro aka yi musu bitar yini biyu, aka raba musu takardu shida da aka yi wa fotokwafi, kowace da hoton fuskar waya da kibiya mai nuna inda za a danna. A rana ta uku, da hantsi, sai ga kiransa.

"Yaya, abin da ke takarda ba shi ne a wayata ba."

Na ce ya karanto mini. Takarda ta ce ya danna "Fill Blank Form", shi kuwa abin da ke gabansa "Start new form" ne. Ta ce in ya gama ya shiga "Send Finalized Form", wayarsa kuma tana nuna "Ready to send". Yana tsaye a bakin gonar rake, mai gonar ya baro ban-ruwa ya zo yana jiransa. Ta cikin wayar nake jiyo muryar dattijon yana cewa, "Samari, in abin naka bai tashi ba ni zan koma, mai ne ke ƙonewa a inji."

Ba abin da ya lalace. Manhajar da suke aiki da ita ODK Collect ce, kuma a 2023 masu kula da ita sun sauya sunayen maɓallan shafinta na farko don su fi saukin ganewa. Wayoyin da aka yi bita da su na ɗauke da tsohon zubi. Shi kuma yaron, da ya samu datar dare mai arha, sai wayarsa ta sabunta manhajar yana barci. Gari ya waye, kiɗa ya sauya, takardar hannunsa tana kan tsohuwar rawa. Minti biyu suka ishe mu warware matsalar, amma na daɗe ina tunanin sauran abokan aikinsa da ba su da yayan da za su kira.

ODK na cikin manhajojin da ake kira masu buɗaɗɗen tushe. Abin nufi, rubutun da aka gina manhajar da shi ba a ɓoye yake ba: kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu, gwargwadon lasisin da aka ɗora mata. Tunanin ya samo asali tun 1983 da Richard Stallman ya fara aikin GNU, ya ƙara ƙarfi da Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991. ODK kuwa a 2008 aka fara ta, daga hannun Farfesa Gaetano Borriello na Jami'ar Washington da ke Seattle da ɗalibansa, cikinsu har da Yaw Anokwa, ɗan asalin Ghana. Duk wanda ya taɓa aikin rigakafin shan-inna, ko rabon gidan sauro, ko rajistar manoma da waya a ƙasar Zazzau, da wuya a ce bai taɓa ODK ko 'yar uwarta KoboCollect ba, ko da bai riƙe sunan ba. "Fom ɗin waya" kawai ake cewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙasar Ikara na da ƙafa a cikin wannan tarihi. A 2006 aka buɗe shirin Ƙauyukan Ƙarni a Pampaida, kusa da Saulawa, ɗaya daga wurare biyu da aka zaɓa a Nijeriya. Ɗayan shi ne Ikaram a Jihar Ondo. Jeffrey Sachs da cibiyarsa ta Jami'ar Columbia ne suka jagoranci shirin a ƙasashen Afirka goma. Sun gina tsarin bayanan lafiyarsu a kan buɗaɗɗun manhajoji: OpenMRS don ajiye bayanan majinyata, ChildCount+ da aka ɗora kan RapidSMS ta UNICEF don bibiyar yara da masu ciki, daga baya kuma CommCare. Daga wannan jami'a ɗin ne aka fito da Formhub, wadda ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan muradun ƙarni ya yi aiki da ita wajen ƙirga asibitoci, makarantu da wuraren ruwa a dukkan ƙananan hukumomi 774, da wayoyin Android. Ke nan an bi Ikara, an bi Makarfi, an bi Kudan. Kuɗin aikin ofishin ya fito ne daga rarar yafe bashin da Nijeriya ta samu a 2005, lokacin Amina Mohammed ce ke riƙe da shi.

Shirin Pampaida ya ƙare a 2015. ChildCount+ ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Formhub ma an daina raya ta, sai dai Ona da KoboToolbox sun gaji rubutunta sun ci gaba. Amma akwai wani ƙaramin abu da ya fito daga wannan zuri'a ya kuma yi tsawon rai fiye da manyan: XLSForm, wato hanyar tsara fom ɗin waya a cikin Excel. Ka buɗe shafi mai suna survey, ka yi layi uku, nau'in tambaya, sunanta, da abin da za a gani a waya. Ka buɗe wani mai suna choices ka jera amsoshi. Shi ke nan ka yi fom. Bayaninsa duka yana kan dogon shafi guda a intanet, kowace ƙa'ida da misalinta a cikin teburi, yadda wanda ya iya Excel zai karanta da safe, kafin la'asar ya haɗa fom ɗinsa na farko. Ba zan ce bayani kaɗai ya raya shi ba. Kuɗi da bukata sun taka rawa. Amma a nawa ganin, abin da ake iya koya daga takarda ba tare da malami ba shi ne ke rayuwa bayan motocin shiri sun koma Abuja.

Su kansu masu gina irin waɗannan manhajoji sun san ciwon. A 2017 kamfanin GitHub, inda ake ajiye rubutun mafi yawansu, ya tambayi mutum 5,500 da ke cikin harkar. Kashi 93 cikin ɗari suka ce sun ci karo da bayanin da bai cika ba ko wanda ya tsufa. Kashi 60 kuma suka amsa cewa ba kasafai suke taɓa rubuta bayani ba, ko ma ba su taɓa yi ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su ƙware da Turanci sosai ba. In masu abin suna wannan kuka, to ina ga malamar asibitin Taban Sani?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai rubuta manhaja ana yaba masa ne kan sabon abin da ya ƙara; bayani kuwa kamar share tsakar gida ne, ba a ganin mai yi sai ranar da ba a yi ba. Sannan wanda ya gina abu shi ne ya fi kowa rashin dacewa da bayyana shi, domin ya manta lokacin da bai sani ba. Zai rubuta "haɗa wayarka da saba", wato kwamfutar da ake tura wa bayanan, ya wuce, alhali a nan ne rabin ɗakin bita ke maƙalewa.

Mu ma da namu laifin, ko in ce da tamu al'adar. A fadamun Kudan da Makarfi ba wanda ya koyi injin ban-ruwa daga littafin da ya zo cikin kwalinsa. Littafin ma galibi da shi ake naɗe ƙosai. Yaro na bin ubangidansa, ya ga an kwance fulogi an goge, an hura kafireto, an cika tiyo da ruwa kafin a ja igiya, a shekara guda ya zama gwani. Wannan hanya tana aiki domin injin bara shi ne injin bana. Kanikawan bakin kasuwa sun san cikinsa da wajensa, kuma ba ya canza hali cikin dare. Sai muka ɗauko wannan hanya ta koyon baki da baki muka ɗora wa manhaja, abin da ke sauya fuska sau da dama a shekara. An koya wa mutum biyar a Kaduna, su koya wa ashirin a hedikwatar ƙaramar hukuma, su kuma su koya wa na gunduma. Kafin ilimin ya kai Janfalan ya zama ruwan ruwan miya, manhajar kuma ta riga ta yi gaba.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne bayanan asibiti, domin can ba aikin kwana goma ba ne, na kowane wata ne. Bisa tsarin da aka saba, a ƙarshen wata kowane ƙaramin asibiti zai tattara abin da ke cikin rajistocinsa, awon ciki, haihuwa, rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, ya cika fom ɗin taƙaitawa na wata. A Kudan, fom ɗin Likoro da Doka da Garu da Zabi za su hallara a Hunƙuyi, a shigar da su cikin DHIS2, daga nan Kaduna da Abuja su gani. DHIS2 ma buɗaɗɗiyar manhaja ce. Tushenta na Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina ta, an fara aiki da zubinta na biyu, wato DHIS2, a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau kuma ƙasashe sama da 70 na dogaro da ita.

Bayaninta na da yawa ƙwarai, kuma a gaskiya an yi ƙoƙari: an raba na mai amfani da na mai girkawa da na mai gina ƙari, ana iya zaɓar zubin da mutum ke kai, an fassara wani sashe zuwa Faransanci da wasu harsuna. Amma in jami'in bayanai na Hunƙuyi ya buɗe, hotunan da zai gani na rumbun gwaji ne da aka gina da sunayen gundumomin Saliyo, irin su Bo da asibitin Ngelehun. Ba laifinsu ba ne. Mutanen Oslo ba za su rubuta wa kowace ƙasa nata ba. Su injin suke bayyanawa. Fom ɗin da ke cikin injin namu ne, kuma an sake fasalinsa a 2013, aka sake a 2019. Tambayoyin da ke hana jami'in barci ba na injin ba ne, na fom ne. Matar da ta fara awo a Likoro, ta koma gidan iyayenta goyon ciki a Doka ta ci gaba da awo, sabuwa ce a Doka ko tsohuwa? In ba a yi haihuwa ko ɗaya a asibiti wannan wata ba, sifili za a rubuta ko a bar gurbin fayau?

Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar tambaya ba ce. A DHIS2, sifili ba ya zama a rumbu sai in wanda ya tsara wannan gurbi ya kunna masa izinin ajiye sifili. In bai kunna ba, wanda ya rubuta sifili da wanda bai rubuta komai ba duk ɗaya suke a idon mai duba rahoto a Kaduna. Asibitin da ya ce "ba a haihu ba" da wanda ya manta bai cika ba sun zama abu guda. Wannan bayani yana nan a rubuce, amma a sashen masu girkawa, da Turancin masu girkawa, inda mai shigar da bayanai ba shi da dalilin leƙawa. Shi abin da yake bukata layi biyu ne a gefen fom ɗinsa.

Akwai wani Bature mai suna Daniele Procida da ya tsara wata hanya mai suna Diátaxis, wadda manyan ayyuka da dama suka ɗauka. Ya ce bayani iri huɗu ne, kuma cakuɗa su ne ke kashe shi: na ɗaukar hannun sabon shiga, na nuna yadda ake wani aiki takamaimai, na dubawa irin na ƙamus, da na fahimtar dalili. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san wannan ba tare da an ba shi suna ba. Ranar farko ba a yi wa yaro tarihin keken ɗinki, ƙyalle ake ba shi ya taka layi miƙaƙƙe. Wanda ya iya kuma ya zo tambayar yadda ake sa aljihun kaftani ba a mayar da shi kan taka layi. Abin da na lura da shi shi ne, a manyan shafukan manhajoji iri na uku ne ya fi yawa, domin shi ne ya fi wa mai gini sauƙin rubutawa. A takardun bitarmu kuwa iri na farko ne kaɗai, danna nan, danna can. Iri na biyu, wanda mutum ke nema lokacin da yake tsaye a rana abu ya ƙi, shi ne babu: fom ya ƙi tafiya, waya ta ƙi kama kodinet a ƙarƙashin mangwaro, an tura na gidan Malam wane da kuskure, waya ta mutu ana tsakiyar tambaya ta arba'in. Na huɗun ma ba a maganarsa, shi ya sa mai tattara bayanai ba ya ganin aibin zama a inuwa guda ya cika fom goma, tunda ba wanda ya taɓa gaya masa me za a yi da kodinet ɗin.

Shi kansa shafin intanet na manhaja yana da nasa ciwon, kuma ciwon ya fi bayyana daga nan. Yawanci shafin farko an yi shi ne don mai ba da tallafi da shugaban ƙungiya: babban hoto mai motsi, tambarin manyan hukumomi, taswirar duniya da ɗigo-ɗigo. Wanda ke Kurmin Kogi da sanda ɗaya ta sabis zai ci minti biyu da wani yanki na datarsa kafin ya ga inda aka rubuta "taimako". Gyaran bai da wuya: shafi mara nauyi, da ke buɗewa a ƙaramar waya, wanda tun daga sama zai raba hanya tsakanin mai cika fom, mai tsara fom da mai kula da saba. Kowane shafin bayani ya faɗi zubin da yake magana a kai da ranar da aka taɓa shi. A kuma iya sauke shi a ajiye a waya, domin lokacin da mutum ya fi bukatar bayani shi ne daidai lokacin da ba sabis. Abin dariya ne a ce manhajar da babban abin alfaharinta shi ne tana aiki ba intanet, bayaninta sai da intanet.

Sai maganar harshe, wadda na san ita ce kowa zai fara kawowa: a fassara komai zuwa Hausa. Ni ban goyi bayan wannan ba, aƙalla ba a yadda ake faɗinsa ba. Bayanin DHIS2 ko na ODK in aka buga shi littattafai ne, kuma mafi yawansa na masu girka saba ne, waɗanda dole sun iya Turanci tunda da shi suke ba kwamfuta umarni. A fassara musu asarar ƙarfi ce, sannan kafin a kai ƙarshe farkon ya tsufa. Fassarar da ta tsufa kuwa ta fi rashinta illa, domin mai karatu ya yarda da ita. Abin da ya kamata a rubuta da Hausa shi ne ɗan yankin da mai aikin fili ke taɓawa, wanda bai wuce shafi ashirin ba, kuma rubuta shi za a yi, ba fassarawa ba, daga tambayoyin da mutane ke yi da bakinsu.

A nan ma akwai tarko. In fuskar manhaja da Turanci take, kada a fassara sunan maɓalli a takarda. In aka rubuta "danna Aika" alhali abin da ke waya "Send" ne, an ƙara wa mutum aiki. A bar sunan yadda yake, a yi bayaninsa da Hausa. Kalmomin da suka riga suka zauna a bakin mutane kuma a ƙyale su: fom, data, caji, sabis, loda. Na taɓa ganin takardar da aka kira saba "uwar garke" a cikinta, ɗakin bita ya ɓarke da dariya, wani ya ce a tambayi Fulanin Gazara ko ta ɓata musu. Sannan ga haruffa masu ƙugiya. Wanda ya rubuta "ƙasa" a shafi, mai nema ya buga "kasa" saboda allon wayarsa ba shi da ƙ, in injin binciken shafin bai san ya haɗa su ba zai ce babu. "Kafa manhaja" da "ƙafa" ba ɗaya ba ne, "daki" da "ɗaki" ma haka, amma mai nema yana bukatar a yafe masa. Ga kuma 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar. Ƙananan abubuwa ne da ba wanda zai lura da su a Oslo ko Seattle sai an gaya masa.

Wani abin takaici shi ne ƙofofin da ke buɗe tuntuni ba a shiga ba. XLSForm na ba da damar a ƙara layi guda a Excel a rubuta kowace tambaya da Hausa gefen ta Turanci, mai cika fom ya sauya harshe da danna biyu. Ana iya rubuta ɗan ƙarin haske a ƙarƙashin tambaya, ana iya rubuta saƙon da zai fito in an shigar da abin da bai dace ba, duk da Hausa. Ana ma iya liƙa murya, waya ta karanta wa manomi tambayar. Duk wannan ba ya bukatar mai rubuta manhaja. Amma fom ɗin ƙanena Turanci ne zalla, kowane yaro yana fassara wa manomi yadda ya ga dama. Tambayar girman gona, wani ya ce eka, wani ya ce hekta, manomin kuwa da "gonar buhu nawa" ya san abinsa. Mafi kyawun bayani shi ne wanda ke cikin fom ɗin kansa, a daidai inda tambaya ke tasowa, kuma wannan ba aikin mutanen ODK ba ne. Aikin wanda ya tsara fom ne.

Wannan ya kawo mu kan wa zai yi. Masu kula da waɗannan manhajoji 'yan kaɗan ne, da wuya kuma a samu mai jin Hausa a cikinsu da zai tantance abin da aka aiko musu. Abin da ke wuyansu shi ne su sauƙaƙa Turancinsu, su sa kwanan wata, su bar ƙofa a buɗe, kuma da yawansu sun bari: bayanin ODK a GitHub yake kamar yadda rubutun manhajar yake, duk wanda ya ga kuskure yana iya aika gyara. Akwai ma hanyoyin da ake biyan masu wannan aiki; Google ta taɓa gudanar da shirin Season of Docs da ta fara a 2019, Outreachy kuma na ɗaukar masu koyon aiki har a fannin rubuta bayani. A Legas ƙungiyar Open Source Community Africa ta yi babban taronta na farko a 2020, a Kaduna akwai CoLab tun 2016. Hausa ma ta shiga rumbun muryoyi na Common Voice na Mozilla a 2021 da ƙoƙarin 'yan sa-kai. Masu iyawa ba su ne babu ba.

Amma babban nauyin yana kan wanda ya kawo manhajar ƙasar nan ya ɗora wa ma'aikata: gwamnati da ƙungiyoyi. Kowane shiri da ya zo sai ya biya wani ya haɗa takardun bita, a yi amfani da su mako guda, su koma cikin kwamfutar mai horaswa, ya tafi da su sabon wurin aikinsa. Shiri na gaba ya sake biya a sake haɗawa. An ɗauki manhaja kyauta daga hannun mutanen da suka buɗe nasu, mu kuma mun kulle namu. Da a ce sharaɗi ne duk takardar bitar da aka yi da kuɗin jama'a a ɗora ta wuri guda a buɗe, da lasisin da ya yarda a kwafa a gyara, da yanzu Jihar Kaduna mai gunduma 255 tana da taska.

Kuma ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Zazzau. A Zariya aka zaunar da Hukumar Fassara a farkon shekarun 1930, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafan koyarwa a shekarun 1950 lokacin yaƙi da jahilci, a Samaru kuma NAERLS ta daɗe tana mayar da binciken noma zuwa Hausar da manomi zai gane. Rubuta wa talaka yadda ake abu, a gajarce, da harshensa, sana'ar gidan ce. A Makarfi ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris, wadda ɗalibanta ne ke cika ƙananan asibitocin yankin. Ɗalibin da ya je sanin makamar aiki a asibitin gunduma, in aka ce aikinsa na ƙarshe shi ne ya zauna da mai rajista wata uku, ya rubuta duk inda ta maƙale da yadda aka warware, ya fi masa wani kundin da za a yi wa bango mai ruwan zinariya a jibge a kabad. Dama amsoshin suna nan, sai dai a warwatse suke cikin saƙonnin murya na WhatsApp, inda tambaya guda ake amsa ta sau goma a wata, ta nutse, wani ya sake yi.

Wani zai ce mutanenmu ba sa karatu, murya da bidiyo suka fi so. Da gaskiyarsa, kuma bidiyon minti ɗaya da ake turawa ta Xender ya fi shafi biyar isa lungu. Sai dai bidiyo ya fi takarda saurin tsufa da wuyar gyara; in maɓalli ya canza suna, a rubutu kalma biyu za a sauya, a bidiyo sai an sake ɗauka. Shi ya sa rubutun ne ya kamata ya zama uwa, a riƙa ɗebo murya daga gare shi, kowane bidiyo kuma ya fara da faɗin wata da shekara.

Ƙanena dai, daren ranar nan, ya yago takarda daga tsakiyar littafin makarantarsa. Ya ja layi a tsakiya, hagu ya rubuta tsofaffin sunayen maɓallai shida, dama ya rubuta sababbi, a ƙasa ya ƙara layi huɗu da Hausa kan abin da za a yi in kodinet ya ƙi kamawa: a fito daga inuwa, a ɗaga waya, a jira lambar ta sauko. Ya ɗauki hoto ya tura wa abokan aikinsa. Da ya nuna mini na ce ya ƙara kwanan wata da lambar zubin manhajar a sama. Ya ce, "Yaya, a ina ake ganin lambar?" Muka duba tare, tana can ƙasan shafin farko, da ƙananan haruffa masu ruwan toka.